Bayan An Sare Jeren Gabas

Ruwan bana da iska ya fara. Ranar da hadarin farko ya haɗo ina zaune a ƙofar ɗakina a nan Taba ina tsintar wake, sai na ji kwanon rufi ya fara kaɗawa. Matar autana ta fito da gudu tana kwashe shanya, awaki suna neman lungu. Ba a daɗe ba ruwa ya sauko da ƙarfi. Da ya tsagaita na dogara sandata na leƙa waje. Hanyar da ta bi ta ƙofar gidanmu ta koma rafi, ruwan ja wur, daga gonakin tudu yake gangarowa. Na sunkuya na tsoma hannu, na murza abin da ya maƙale a yatsuna. Laushinsa kamar ƙullun koko.

Autana Musa ya ce, "Iya, me kike nema a ruwan kwata? Ki shigo kada sanyi ya kama ki."

Na ce, "Wannan ba ruwan kwata ba ne. Gonar wani ce take wucewa."

Ya yi dariya, wai tsufa ya fara taɓa ni. Ban ja da shi ba. Mutumin da na yaye da hannuna, don ya tara gemu ba zan tsaya musu da shi a bakin hanya ba. Amma tun daga ranar hankalina ya koma gidan mahaifina, can wajen Malikanchi, ya koma wata damina da ta haura shekara arba'in, wadda ban taɓa zama na ba 'ya'yana labarinta daki-daki ba.

A lokacin ina bazawara. Mijina na fari ya rasu, na dawo gida da yara biyu ƙanana. Gidanmu gandu ne, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Akwai Baba da Inna, akwai babban wanmu Yaya Haruna da matarsa Kande, akwai ƙanena Isuhu da matarsa Larai, ga yara. Yayata Binta kaɗai ce ba ta nan, tana aure a wajen Makarfi. A ƙauyenmu in aka ce gidan wane har yanzu tukunyarsu ɗaya, an gama yabonsu. In kuwa aka ce sun raba tukunya, ba a ƙara komai a kai, kowa ya gane. Da Baba ya rasu, riƙon wannan tukunya ya dawo wuyan Yaya Haruna, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ce a hannunsa ta rabu. Ni ma ina da nawa tsoron a ciki, domin bazawara mai 'ya'ya biyu ba ta da wurin zama mai daɗi sai inda ake tuƙa tuwo a haɗe.

Gonar gandun tana gabas da gari, a kan tudu, ta ɗan karkata yamma inda rafi yake. A bakinta na gabas, daga wannan kusurwa har waccan, itatuwa ne a jere: marke, darbejiya, ararrabi da dashi, ƙarƙashinsu gamba da aguwa sun cike tsakani, ko akuya sai ta yi dabara take ratsawa. Kakanmu ya fara dasa su don iyaka, Baba ya ƙara. Jeren gabas muke ce musu. Ba wanda ya damu da su, sai in rana ta take mu gudu can mu sha fura a inuwa.

Ƙasar gonar nan kuwa ban sake taka irinta ba. Baƙa-baƙa ce, in ka ɗebo sai ta warware a hannunka kamar dambu. In aka yi ruwa nan take take shanye shi, ba ka ganin ya kwanta ko ya gudu, kuma bayan kwanaki ka tona da yatsa ka tarar da danshi. Da safe kashin tana ko'ina, diddige yana nutsewa. In hadari ya taso muna cikin gona, za mu ji itatuwa suna ruri a sama, amma a ƙasa ganyen dawa ɗan kaɗawa kawai yake yi. Da rani ganye ya zube ya bazu cikin gona, gara ta ja shi ƙasa, shanun Fulani su kwanta a inuwa su bar mana taki. Duk muna gani, amma ba mu taɓa haɗa wannan da wancan ba. Baba malami ne, yana koyar da yaran unguwa karatu a zaure, saboda haka kowa cewa yake gonar Malam albarka gare ta. Mu ma haka muka ɗauka, kuma har yau ban ce babu albarkar ba.

Baba ya rasu bayan an gama shigar da amfani gida. Da aka zo rabon gado, liman da dattawan unguwa suka bi yadda aka saba a wajenmu. Ba a yanka gona a ba 'ya mace, tunda aure zai kai ta wani gari. Sai a kimanta rabonta a ba ta itatuwan da ke cikin gonar, ƙasa ta zauna a hannun maza. Itace na wani, ƙasar da yake tsaye a kanta ta wani, ba wanda yake ganin abin mamaki a ciki. Ni da nake gida aka ba ni ɗorawa da kaɗanya na tsakiyar gona, don ina kusa, zan iya tsaronsu in sun nuna. Yaya Binta da take nesa aka ba ta jeren gabas, aka ce su ba sa bukatar tsaro. Kowa ya ce an yi adalci, aka shafa fatiha aka tashi.

Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, me mace za ta ci a jikin marke? Ba ya 'ya'yan da za a kai kasuwa, ba a miya da ganyensa. Wadda aka ba irin wannan itace gado ba ta da hanyar cin gadonta sai ta kayar da shi. Mijin Yaya Binta kuwa mai dafa mazarƙwaila ne, kuma duk wanda ya san ƙasar Makarfi ya san yadda tukwanen rake suke cin wuta.

Ba ta yi gaban kanta ba. Ta zo har gida ta durƙusa gaban Yaya Haruna, ta ce, "Yaya, ka san halin da muke ciki. Amma in ba ka so, wallahi na bar su a tsaye."

Ya ce, "Haƙƙinki ne, Binta. Wane ni in tsaya tsakaninki da abin da Allah ya ba ki?"

Isuhu, Allah ya jiƙansa, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya ce, "Yaya Binta, ki kwashe har saiwa. Tsuntsayen da suke kwana a kansu su suke cinye mana dawa, ga inuwa ta cinye bakin gona." Ba ƙarya ya yi ba kuwa, dawar da ke daf da itatuwan kullum ta fi gajarta.

Inna tana cikin takaba aka yi saran, ba ta gani ba, sai dai ƙarar gatari da take ji daga ɗaki, da kukan amalanke in an ɗora kaya. Da ta fita takaba na raka ta gona. Ta tsaya ta daɗe tana kallon gabas. Ana hango har rufin wani ƙauye da ba mu taɓa sanin ana ganinsa daga nan ba. Ta ce, "Wurin nan ya yi tsirara." Muka juyo gida.

Daminar farko bayan saran, gonar ta yi kyau har ta so ta fi da. An ƙara kunyoyi a inda inuwa take, Isuhu yana ta yi mana cika baki, wai da an bi shawararsa tun Baba yana da rai. Ta biyu amfani ya ragu, aka ɗora wa ruwa laifi. Ta ukun ita ce nake ba da labari.

Bazarar shekarar ta zo da zafi irin wanda kaza take buɗe baki a inuwa. An share gona an ƙone kara, ta kwanta fili fetal. Hadarin farko ya haɗo da la'asar, ni da Kande muna gindin ɗorawata muna kakkaɓe sauran da ya rage a sama. Kafin mu ɗaure kaya iska ta iso. Da idona na ga gonarmu ta miƙe tsaye. Ƙasa ta tashi ta yi sama, ta rufe rana, yashi yana zabgar ƙwaurinmu, muka rungume itace muka rufe fuska da mayafi. Duk wannan hargitsi, ruwan da aka yi bai jiƙa zane ba. Da safe muka tarar da lallausar ƙasar ta taru a gindin gambar iyakar yamma, wata ta faɗa rafi. Abin da ya rage a gonar fari-fari ne, yashi da ƙananan tsakuwa. Yaya ya shure shi da ƙafa ya duba, ya sake shurewa a wani wurin, sannan ya wuce.

Da ruwan shuka ya sauka muka fita gaba ɗaya, har Inna. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu mata a baya da ƙoƙon iri, mu jefa mu rufe da diddige. Tun ina yarinya nake wannan aiki, ƙafata ta san yadda ƙasar gonar nan take karɓar diddige. Ran nan ba ta karɓa ba. Sama-sama yashi ne yana zamewa, ƙarƙashinsa kuma tauri. Kande ta dube ni na dube ta.

Aka yi ruwa mai duka, sannan rana ta buɗe. Fuskar gonar ta haɗe ta yi ɓawo, sumul kamar daɓen ɗaki. Muka jira tsiro, shiru. Na durƙusa na ɓamɓare ɓawon da farce, sai ga dawa ta tsira a ƙarƙashi, ta tanƙware ta yi rawaya, ta nemi hanyar fita ta rasa. Muka bi rami-rami da tsinke muna fasa musu, manya da yara, har baya ya ƙage. Wanda muka ceto bai kai a faɗa ba.

Aka sake shuka da sauran irin da ya rage. Wannan ta fito, gona ta yi kore-kore, muka fara sakin fuska. Sai ruwa ya ɗauke. Kullum da yamma hadari ya haɗo ya yi baƙi, a kwashe shanya, a tara tukwane a bakin indararo, sai ya watse ya bar mu da iska. Iskar nan ba abin da yake tare ta tun daga inda ta taso har cikin gonarmu. Ta kwaso yashi ta yi ta yankan 'yan tsiron, da safe ka gan su a yayyage, wasu a binne, wasu saiwarsu a waje. Kafin azahar ƙasa ta ɗauki zafi har ba a iya tsayawa ba takalmi. A da gonar nan takan jure irin wannan ɗaukewar ruwa ko yaushi ba ta yi ba.

Wata safiya na kai wa Yaya kunu gona na tarar ba ya ciki. Can na hango shi a tsugune a gonar maƙwabcinmu Malam Idi, wanda nasa itatuwan iyakar suna nan ba a taɓa su ba. Ya yafuto ni. Dawar Malam Idi ta kusa gwiwa, ganye shar. Yaya ya tona da hannu ya damƙo ƙasa ya matse, ya buɗe tafinsa. Ta dunƙule, har da shatar yatsunsa a jiki. Ya tashi, na bi shi muka tsallaka tamu gonar. Ya tona da ƙyar har wuyan hannu, ya damƙo ya matse. Da ya buɗe sai ta zube ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, "Hajo, ruwan da aka yi wa Malam Idi shi aka yi mana. Ko ɗigo ba a fifita shi ba."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ya juya ya dubi kututturan da suke jere a gabas. Ya ce, "Muna ta cewa albarkar Baba, albarkar Baba. Ashe tana tsaye a bakin gona, ni na ba da izini aka sa mata gatari." Kunun nan bai sha ba, haka na mayar da shi gida yara suka shanye.

Da ruwa ya dawo babu sauran iri. Yaya ya ce a ɗebo daga cikin na ci. Isuhu ya ce, "Yaya, abincin yara za mu zuba wa yashi?" Yaya ya ce, "In ba mu shuka ba me za mu girba?" Aka yi shuka ta uku a makare, lokacin da maƙwabta suke noman firi, wato noman farko bayan shuka ta fito. Kowace ƙwaya na jefa a rami sai na ji kamar daga bakin 'yata na ciro ta.

Daga nan gidan ya shiga awo. Da sassafe Inna ta zauna a bakin rumbu, Yaya ya shiga ya miƙo, a sussuke, ita ta auna da ƙwaryarta, mai girki ta karɓa. Ƙwaryar ba ta canja ba, amma kullum hatsin ƙara nisa yake yi da bakinta. Koko ya koma ruwa-ruwa, kana hango ƙasan kwano ta cikinsa. Abincin rana aka daina. Ni da Larai mu fita bayan gari mu tsinko tafasa da rama, a dafa a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri ya isa. Garin ɗorawar da na adana shi ya riƙe yara. A dama musu da ruwa su sha, bakinsu ya yi rawaya, su yi ta yawo da ciki a gaba kamar sun ƙoshi. Yunwar damina daban take da kowace yunwa. Ko'ina kore, ko'ina ruwa, ƙamshin ƙasa yana tashi, kwaɗi suna ta murna, kai kuwa in ka sunkuya noma ka ɗago sai ka ga duhu-duhu.

Da magariba a tuƙa tuwo a babbar tukunya, kowa ya yi kamar ba ya kallon marar da ake kwasa da ita, alhali kowa yana kallo. Ni na fi kowa sanin abin da ake zuba wa 'ya'yana, domin na san babu ubansu a cikin masu noman. Ba wanda ya taɓa goranta mini, Allah ne shaida. Amma na koyi cewa na ƙoshi tun kafin in ƙoshi, kuma na ji zafin hakan ƙwarai.

Da marka ta zo, ruwan da muka yi ta roƙo ya sauko gaba ɗaya, ƙasar kuwa ta ƙi sha. Ya bi kwarin kunya da gudu, ya fasa huɗar da su Yaya suka yi da garma har tafinsu ya fashe, ya haɗu a tsakiya ya yanka gonar biyu ya nufi rafi. Ɗan takin zamanin da aka samo bayan an sayar da tunkiyar Inna, shi ma ya bi. Bayan ruwa kuma iska ta kwantar da dawar da ta tsira, saboda saiwarta ta kasa huda ƙasa, a sama take shimfiɗe. Muka yi ta tayar da kara muna tara masa ƙasa a gindi, kashegari mu tarar ya sake kwanciya.

Isuhu ya fara tafiya ƙwadago fadamun wajen Kurmin Kogi. Ya fita ba karin kumallo, ya dawo da 'yar masara a ƙullin riga ya juye a ƙwaryar Inna, a haɗa da na kowa. Larai tana da tsohon ciki a lokacin, ƙafafunta sun kumbura. Wata rana bayan la'asar na kai ruwan alwala zaure na tarar da Yaya da Isuhu su biyu, ba su ko damu da shigowata ba.

Isuhu yana cewa, "Yaya, ba rashin kunya zan yi maka ba. Ina wuni a gonar wani, abin da na samo in aka raba shi gidan nan ko Larai ba ta sanin na fita. Ka dai ga ƙafafunta. Ka sallame ni in ji da nawa."

Yaya ya ce, "Ka yi haƙuri a kai kaka. In aka girbe sai mu ga abin da Allah zai yi."

"In aka girbe me, Yaya? Tare fa muke shiga gonar nan."

"Na roƙe ka, Isuhu. Ka ba ni zuwa kaka."

Babba yana roƙon ƙaninsa, abin ba daɗin ji. Isuhu ya sunkuyar da kai ya ce to. Ban ga laifinsa ba a ranar, kuma yau ma ban gani ba.

Cikin wannan hali Yaya Binta ta zo ganin gida, ta kawo 'yar masara da mazarƙwaila tsaraba. Ta ga yadda wuyan kowa ya fito, ta ce in raka ta gona. Muka tsallake kwarin da ruwa ya yanka, muka ratsa dawar da ke kwance, har muka kai gabas. Ta zauna a kan wani kututturen marke da muke lilo a reshensa muna yara. Ta ce, "Rani ɗaya, Hajo. Rani ɗaya suka yi a bakin murhu suka ƙare. Yau ko tokarsu ban san inda take ba." Sai ta fashe da kuka. Na ce, "Yaya Binta, ba ke kika yi rabon ba." Da muka koma gida ta durƙusa za ta nemi gafara, Yaya ya hana ta. Ya ce halalinta ta ci, kada ya sake jin maganar. Ranar yara ne kaɗai suka yi farin ciki a gidan, suna ta lasar mazarƙwaila har gwiwar hannu.

Daminar da ta biyo baya Yaya ya saro rassan ararrabi da dashi ya kakkafa a tsakanin kututturan, ya dasa 'yan darbejiya ya kewaye su da ƙaya. Itacen ya kama ba wuya. Ƙasar ce ta ƙi dawowa da wuri. Sai da gemunsa ya yi fari kafin diddige ya sake nutsewa a wannan gefen, tsakiyar gonar kuwa inda ruwa ya yanka har ya bar duniya ba ta koma yadda take ba. Yanzu in an ɗauke ni a mota daga Kudan zuwa Ikara, buhunan gawayi nake gani a jere a bakin titi, ina jin kukan injin yankan itace daga cikin gonaki. Aikin da masu gatari suka yi kwanaki suna yi, yau kafin azahar an gama an loda. Samari suna cewa ƙasa ta gaji, su ƙara buhun taki a kan na bara. Ni dai kallon gabas nake yi ta tagar mota, ina hango garuruwan da a da ba a hango su.

Amma wannan duk daga baya ne. A waccan kakar, da aka yanke dawa aka ɗaure, dammunan da aka shigo da su ko rabin rumbu ba su kai ba, kawunan ƙanana, da yawa ba ƙwaya. Ba sai an tambayi kowa ba. Duk mai ido ya san ba za su kai gidan nan bazara ba, balle wata kakar.

Yaya ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar. Larai tana zaune da jaririnta a cinya, Isuhu ya tsuguna a jikin rumbu yana zane a ƙasa da tsinke. Yaya ya yi gyaran murya, ya yi salati, ya ce, "To, kun dai ga abin da Allah ya ba mu bana." Sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.  Ya yi alkawarin kaka, kaka ta zo, maganar kuwa ta ƙi fita daga bakinsa.

Shi ne ɗan farin Inna, saboda haka tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa magana mai taushi ba. Ta miƙe ba ta kalli inda yake ba. Ta zaga bayan ɗakinta ta dawo rungume da dutse, ta ajiye a ƙofar ɗakin Larai. Ta koma ta ɗauko wani. Isuhu ya zabura zai karɓa, ta ce ya zauna. Da ta kawo na uku ta durƙusa ta daidaita su da hannunta, ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar tukunyarta, ta ɗora, ta girgiza ta ga ta zauna daram.

Tana kallon ƙasa ta ce, "Ni na kafa murhun nan. Duk wanda ya tambaya a gari, ku ce uwarsu ce ta raba. Hajo da 'ya'yanta suna wajen mai gidan nan. Ni kuma kowa ya san inda ɗakina yake."

Yaya ya rufe fuska da hannun riga. Jaririn Larai ya motsa, aka ba shi nono.

Da magariba hayaƙi biyu ya tashi a gidanmu. Kande ta kawo wa Inna malmala ɗaya, Larai ma ta kawo ɗaya, suka ajiye a gabanta, kowacce ta ɗan ja baya tana jiran ta ga wanne za ta fara taɓawa. Inna ta jawo akushinta, ta juye wannan ta juye wancan, ta zuba miya biyun a kai, ta cuɗa da hannu har ba a gane na wane ɗaki ne. Sannan ta kira jikokinta duka, na Yaya da na Isuhu da nawa, suka kewaye ta suka sa hannu. Haka ta ci tuwonta kowace magariba har ta koma ga Allah, gidan kuwa bai sake haɗa tukunya ba.